Kujerar Bakin Taga

A ɗakin karɓar magani na asibiti, wata budurwa tana jiran a kira lambarta, tana satar kallon wani dattijo. Rigarsa tana lilo a jikinsa kamar ta aro. An yi wa bel ɗinsa sababbin huji uku da ƙusa, amma yau a na biyu ya ɗaure.

Yana miƙa wa mai ba da magani wani tsohon kwalin magani. "'Yata, kar ki ba ni ɗan'uwan wannan. Don gwiwa na sha, ya kumbura min hanji. Wata biyu ni da banɗaki mun zama aminai."

"Baba, na shafawa likita ya rubuta," in ji mai ba da maganin tana dariya. "Zauna, zan kira ka."

Budurwar tana raya cewa direba ne. A zuci tana hango motarsa a ƙarƙashin bishiya, ganye yana zuba a kanta, doguwar hanya tana jiransa.

Ƙafafun dattijon suna jan sa zuwa kujerar bakin banɗaki. Sai ya tsaya, ya ɗora tafinsa a kan cikinsa kamar mai sauraron numfashin jariri. Shiru. A hankali ya wuce can nesa, ya zauna bakin taga.