Bidiyon ’yar mai aski

“Dawo da shi baya, ban ga ɗinkin sosai ba.”

“Ga shi nan. Kamar an farke buhu an mayar.”

“Wannan ai sai dai addu’a. Tura min, matata na son irin waɗannan.”

Mai aski yana jin hirar mutanen da ke bencin jira, bai juya ba. Tun yana saurayi yake tsaye a bayan kujerar nan, ya san mai riƙe da aska a ƙeyar wani ba ya waige, ba ya sa baki a hirar da ba da shi ake ba. Ya ji sirrin aure a shagon nan, ya ji zagin maƙwabta, da yamma ya share su duka tare da gashi. Amma da suka ƙara murya, kukan da ya fito daga wayar ya san shi. Na ’yarsa ne, wadda yake kira Mamana.

Uwarta ce ta fara jin ƙullutu a gefen cikinta tana yi mata wanka. Likita ya ce ciwon daji ne na ƙoda, kuma ba irin wanda aka saba gani a yara ba, shi ya sa maganin zai fi tsanani. Aka cire ƙodar hagu, aka shiga ƙarin ruwan magani mai sa amai da zubar gashi. Da gashin ya fara bin matashi, shi da kansa ya aske sauran, yana ce mata yau ita ce babbar kwastomarsa. Ta yi dariya, amma ta roƙe shi kada ya bari kowa ya gan ta ba hula.

A madubi ya hango fuskar wayar. Ga ta ba hula, ba riga, an ɗage bandeji. Hannun da ya ɗage ɗin yana sanye da agogon ƙanensa mai gyaran waya. An ɗora wani kiɗa mai sa hawaye, an rubuta wai likitoci sun cire rai, alhali likita ya ce musu jikinta yana karɓar magani.

Saura rabin kai a gabansa, kuma ba a sallamar mutum da rabin aski. Ya ƙarasa, ya gyara saje, ya shafa hoda, yana jin na bencin suna karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasa. Wasu har sun yi ta’aziyya. Wani ya bar lambarsa, wai yana da garin maganin da ke tsiro da sabuwar ƙoda. Ya ce wa masu jiran injinsa ya yi zafi, su dawo gobe.

A ɗakin yara na asibiti ya tarar da uwar ta tafi karɓo sakamakon jini. Ƙanen nasa na tsaye a bakin gado, yana neman inda hasken taga ya fi kyau. Mamana ta riƙe hularta da hannu biyu.

“Yaya, ka ga yadda abin ya yaɗu? Dubban mutane ke mata addu’a. Kashi na biyu nake so in yi, sun ce in nuna fuskar sosai.”

Mai aski ya dube shi kamar yadda yake duban tawul ɗin da aka goge ƙurji da shi. Ƙanen ya ci gaba da bayani, wai a zamanin nan ciwon da ba a nuna ba, ba a tausaya masa. Bai rufe baki ba yarinyar ta fara yunƙurin amai, wayar ta ɗaga da kanta kamar an saba mata.

Mai aski ya shiga tsakaninsu, ya tallafe goshin ’yarsa.

“Don girman Allah, goge na farkon yanzu ina kallo. In ka gama, miƙo min tasar can.”