Golmo a Wasan Alhamis

Ni mutumin Gwandu ne, kuma in ka sake mini fuska sai na gaya maka haka sau uku kafin shayinka ya huce. Da wannan ɗagawar na tafi lokacin da aka tura ni koyar da tarihi a wata sakandare a Kalgo. Yara kuwa ko a jikinsu. Ina fara zancen ganuwa da sarakuna sai hamma ta zagaye aji. Abin ya riƙa ci mini rai, don ni ba na jure a raina abin da nake so.

Sai na ƙirƙiro wasa. Na samo kwalin taliya, na zana taswirar wata ƙasa da ba a taɓa yi ba, da koginta da dajinta da birni a tsakiya. Kowace Alhamis bayan an tashi, mu zauna gindin dogon yaro, kowane ɗalibi ya ɗauki matsayi: wannan alƙali, wannan maƙeri, wancan madugu, ni kuma mai jan labari. In ana son a san ko dabarar wani ta ci, ƙwallayen dabino muke watsawa, waɗanda na ƙona wa gefe ɗaya, don in iyaye suka ga ɗan ludo cewa za su yi caca nake koya wa 'ya'yansu.

Birnin daga gida na ɗebo shi. Ganuwarmu, marinarmu, malamanmu masu aika wa juna wasiƙa cikin waƙa, duk na zuba, na ƙara aljanu da wani tsuntsu mai magana. Yara suka so abin. Amma bayan mako uku sai ya fara salamcewa, domin wasa ba ya armashi in babu abokin gaba. Akwai wani fili a kudancin taswirar da na zana wa duwatsu, ban sa kowa a ciki ba.

Teburinmu ɗaya da malamar lissafi a ofishin malamai. Kirista ce daga ƙasar Zuru, mace mai kamewa, ba ta da yawan magana. Wata rana na tambaye ta yadda al'adunsu suke. Ta ajiye biro ta dube ni.

Ta ce, "Malam, shekarata shida a garin nan, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Yaran nan gani suke daga sama muka faɗo. In za ka sa mu a wasanka, ka sa mu yadda za su san mu ma muna da iyaye."

Na ce, "Haba Malama, ai kin gama magana."

Daga ranar ta buɗe mini ciki. Ta ba ni labarin gidajensu a kan tudu, da kokawar samari, da bikin godiya bayan girbi. Wanda ta fi daɗewa a kai shi ne golmo: saurayi da tsaransa su yi wa iyayen yarinyar da yake so noma, damina bayan damina, har bakwai, kafin a ba shi ita. Babanta ya yi. Ta ce mamanta takan kawo ruwa gona ta ce na mahaifinta ne, alhali kowa ya san wanda ta kawo wa. Har yau in tsofaffin suka yi cacar baki sai ya ce, damina bakwai na bayar, ba inda za ni. Tana faɗa tana dariya har da share ido. Ban taɓa ganin haƙoranta haka ba.

Ranar Juma'a na hau mota na tafi Gwandu, na zauna a zaurenmu na cike filin nan na kudu. Na sa musu suna mutanen dutse. Kokawarsu na mayar da ita ƙarfin dabba. Golmo kuma na mayar da shi tsafi: in ya kama mutum sai ya duƙa yana kartar ƙasa shekara bakwai bai iya ɗaga kai, duk ɗan birnin da ya same shi a haka ya samu bawa. Ko sunan ban canza ba, don ya yi mini daɗi a baki. Ba zan ce ban san abin da nake yi ba. Na sani sarai. Cewa na yi ai almara ce, kuma Malama ba ta zama ranar Alhamis, koyon waƙar coci take tafiya.

Wasa ya kama wuta. Yaran da ba su taɓa amsa tambaya a aji ba suka zama su ne kan gaba. Ba wanda yake son zama mutumin dutse, sai aka riƙa tura wa 'ya'yan ma'aikatan da suka zo daga kudancin jiha, yankin su Malama, ni kuma na kau da kai. Na taɓa jin wani ya yi ƙasa da murya ya ce "golmo" bayan Malama ta wuce. Abin da na ce kawai shi ne, "Kai, ku shiga taitayinku." A raina kuwa daɗi na ji, wai wasana ya shiga bakin yara.

Ana haka aka kawo mata babanta, yanar ido ta rufe masa gani, za a yi masa aiki a Birnin Kebbi. Wata Alhamis suna dawowa daga asibiti ta biyo makaranta ɗaukar takardun jarrabawa, ta zaunar da shi kan benci kusa da inda muke, ta shiga ofis. Ni ban san ko wane ne ba. Tsoho ne dogo, bayansa ya ranƙwafa, da hula da sanda.

Daidai lokacin ƙwallayen dabino suka faɗi, wata ɗaliba ta ce, "Golmo ya kama su." Yara huɗu suka duƙa suna kartar ƙasa da yatsu, sauran na kora su da karan dawa ana shewa.

Tsohon ya ɗaga kai. Ya miƙe, ya lalubo hanya da sandarsa har tsakiyarmu.

Ya ce, "Wa na ji ya ambaci golmo a nan?"

Yara suka nuna ni, suka ce Malam ne ya koya mana.

Fuskarsa ta washe. Bai ga karan dawa ba, bai ga masu gwalo ba, sunan kawai ya ji da inuwar yara a duƙe. Ya ce ba haka ake riƙe garma ba, a ba shi wuri. Ya juya sandarsa ya kama ta da hannu biyu, ya buɗe ƙafa, ya duƙa, ya fara tafiya da baya-baya yana wata waƙa da harshensu. Ashe ƙarfin na nan. Wasu yaran suka toshe baki, kafaɗunsu na rawa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na ɗaga ido sai ga Malama tsaye da takardu a ƙirji. Ban san tun yaushe take wurin ba. Ta dubi kwalin taswira, ta dubi karan dawa a hannun yara, ta dubi waɗanda aka sa su duƙa. Ba ta buƙaci bayani ba.

Tsohon ya miƙe yana haki, ya miƙo hannu yana nemana. Ya ce, "Ɗana, ban yi zaton akwai wanda ya san da mu a nan ba. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu tuna ka."

Na tsaya ina kallon hannun nasa. Malama ta matso, ta ce a hankali, "Malam, Baba na sa maka albarka. Ka amsa."

Na durƙusa, ya ɗora tafinsa mai kaushi a kaina, na ce amin.

Washegari na shiga ofis da haƙurin da na tsara tun daga gida. Tana duba takardu. Na ce, "Malama, don Allah..." Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Jiya sai da ya sa na kira masa Mama a waya. Ya ce mata a Kalgo har a makaranta ake koyar da golmo, in ya koma zai gaya wa tsaransa." Ta juya shafi. "Kai ka san abin da za ka gaya wa ɗalibanka. Ni dai ban gaya masa ba, kuma ba zan gaya masa ba."