Tina a Gorar Ruwa

A Mayo Gwoi an san Baba Nelson da adana. Tun da ya yi ritaya daga aikin sito a wata ma'aikata, ko ƙusa ba ya bari a yar. Yakan ce a zamaninsa kaya bai taɓa lalacewa a hannunsa ba.

Gab da Kirsimeti ya sa mai fenti ya yi wa ƙofofinsa fenti. Tina ta rage, ruwan nan mai kaifin wari da ake surka fenti da shi. Gwangwanin ya lotse, murfin ba ya kamawa, sai ya juye ta a gorar ruwa ya ajiye bayan kicin.

A nan kuwa matarsa take tara wa Dokas goruna. Dokas maƙwabciyarsu ce, mijinta ya rasu, da kunun aya take riƙe 'ya'yanta, tana sayarwa a bakin sakatariya. Ranar da ta zo kwasa mura ta toshe mata hanci. Ta ga abu garai kamar ruwa, ta tsiyaye, ta wanke gorar tare da sauran.

Wani ma'aikaci ne ya sayi kunun gorar nan, ya kurɓa ya ji wari ya tofar. Ya ce a gaban mutane daga bola take tsinto gorunanta. Ba wanda ya kwanta ciwo, amma magana ta zaga ofisoshi, Dokas ta riƙa dawowa da kularta cike.

Da labarin ya iso gida, Baba Nelson ya leƙa bayan kicin, ya tarar gorar tinar ba ta nan. Ya samo gwangwani mai murfin kirki, ya juye kananzir ɗin wanke buroshi a ciki, ya rubuta suna, ya ɗora can sama nesa da murhu, kafin mai fenti ya zo ya ɗauka. Duk wannan bai sayar da kunu ko gora ɗaya ba. In zai je coci sai ya zagaya ta baya, don kada su haɗu da Dokas.

Ran Litinin ya sami Dokas zaune gefen kularta, tana korar ƙuda.

"Maman Vivian, gorar nan daga gidana ta fito. Ni na zuba tina a ciki."

Ta nuna masa ma'aikatan da ke bakin get ɗin sakatariya.

"Baba, ai ba ni za ka gaya wa ba. Ga su can suna fitowa."

Cikinsu har da waɗanda ya koya wa aiki. Ya cire hularsa, ya nufi bakin get ɗin.