Rantsuwar Inuwa Mai Toka

Duk wanda ya taɓa kallon ƙwallo a filinmu na bakin kogin Haɗeja ya san Inuwa, ko bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan da ake tararwa tun da hantsi a sunkuye, yana tafiya da baya da baya, da tsohon gwangwanin madara a hannu, yana zuba toka a kan igiya. Tokar ɓuntun shinkafa ce. Shi yake ƙona ta, ya tankaɗe da rariyar matarsa Ma'u, kuma sun fi shekara ashirin suna faɗa a kan rariyar nan. Bai taɓa buga ƙwallo ba. Na yi shekara tara ina tsaron raga a ƙungiyarmu ta Tarwaɗa, ni shaida ne: idan ƙwallo ta gangaro wajen Inuwa, da hannu biyu yake ɗauka ya miƙo kamar an ba shi ajiyar ƙwai. Amma a jan layi, ko da ma'auni ka zo ba za ka samu karkata ba.

Filin ba namu ba ne. Fadamar Hajja Jannat ce, wata dattijuwa da kakanninta suka zo daga wajen Tafkin Chadi. Da damina ruwa ne yake shanye shi, har masunta su kama kifi a daidai inda nake tsayawa, shi ya sa aka sa mana Tarwaɗa. Da ruwa ya janye sai Inuwa ya fito da igiyarsa. A hannunsa Hajja ta damƙa filin, a gaban mai unguwa, da sharaɗi ɗaya tak: muddin baƙi suna zuwa a buga wasa, namu ne. Duk ranin da ya wuce babu wasa kuwa, ɗanta Umara ya shuka alkama a wurin.

Shekara bakwai da suka wuce ƙungiyoyin cikin gari da na garin Malam Madori suka haɗa kai suka kafa Gamayyar Tudu, da jadawali a rubuce, kowa ya san da wa zai kara ranar Asabar. Suka aiko mana da gayyata, amma wai wasanninmu na damina sai dai mu yi su a filin wasu. Aka taru a gindin tsamiya ana karanta takardar. Inuwa, wanda ko gaisuwa sai ka matso kake jin muryarsa, ya miƙe tsaye.

"Mu da filinmu mu koma 'yan aro? Wallahi tallahi, muddin ina zuba toka a wurin nan, Tarwaɗa ba za ta shiga ƙarƙashin kowa ba!"

Wuri ya ɗau ihu. Kafin mako ya zagayo an buga maganar a bayan rigunanmu: Ba Ma Ƙarƙashin Kowa. Masu babur mai ƙafa uku suka rubuta a bayan tantinsu. Mutumin da a da ake ce wa matsa can kada ka taka ƙwallo, sai ga shi ana shimfiɗa masa tabarma a gaban fili, yara suna kiransa Baba Mai Rantsuwa. Na ga yadda abin ya yi masa daɗi, kuma ban ga laifinsa ba.

Shekarun farko mun sha sharafi. Mu ke zaɓen wanda za mu buga da shi, mu ke sa rana, wanda ya ɓata mana rai mu daina kiransa. Sai ƙungiyoyin Auyo da na ƙauyukan fadama suka kafa tasu, Gamayyar Kogi. Ba a jima ba uku daga Tudu suka sauya sheƙa zuwa Kogi, Tudu ta kwaso wasu ta cike gurbi, aka yi ta canje-canje har muka daina gane wa ke ina. Abin da muka gane shi ne Asabar ɗin kowa ta cika. Ka kira kocin da kuka yi shekaru kuna cin ƙosai tare, ya ce maka sai ya duba jadawali. Wanda ya rage mana kawai wasan shekara-shekara da ɗaliban kwaleji, su ma bara suka shiga gasar makarantu, suka aiko da takarda mai ladabi da ban haƙuri. 'Yan wasanmu masu ƙafa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, aka bar mu da tsofaffin 'yan kallo da riguna.

Ana tsakiyar ranin wannan shekarar, ba mu buga wasa ko ɗaya ba, sai wata ƙungiya ta watse a Gamayyar Kogi. Suka ce in muna so gurbin namu ne, mu ba da amsa kafin Juma'a biyu.

Washegari Inuwa ya zo rumfar da nake gyaran injin ban-ruwa. Ya zauna kusa da ni, ya kira sunana.

"Haris, raka ni wajen Malam Abdulmannan."

A hanya ya gaya mini kwana nawa bai yi barcin kirki ba. Ya ce filin nan shi ne abin da ya iya a duniya, kuma da bakinsa ya ɗaure shi. Malam, limamin unguwarmu, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya yi murmushi.

"Malam Inuwa, wannan ce ta hana ka barci? Idan ka ga abin da ya fi alheri, ka yi shi, ka yi kaffarar rantsuwarka. Ka ciyar da miskinai goma, shi ke nan."

Da muka fito Inuwa har dariya yake yi. Ya roƙe ni in riƙe bakina sai ranar taron da za a yanke shawara kan gurbin, yana so jama'a su ji daga gare shi cewa ya warware rantsuwar. Ma'u ta dafa shinkafarsu ta gona da busasshen kifi, aka zuba kwano goma, aka kai gida goma.

To, unguwarmu ba a fitar da kwano goma a ɓoye. Kafin la'asar labari ya kai kunnen Muttaka, shugaban magoya baya, mutumin da bai taɓa jin rabin magana ya jira sauran ba. Ranar taro gindin tsamiya ya cika maƙil. Inuwa ya gyara murya zai miƙe, Muttaka ya riga shi.

"Jama'a, kun san abin da bawan Allahn nan ya yi? Ya ji ana so a sayar da mu, bai ce wa kowa uffan ba, ya ɗebi shinkafar gidansa ya yi sadaka gida goma, don Allah Ya tsayar da Tarwaɗa a kan ƙafarta! Waye a cikinmu ya yi haka?"

Kabbara ta tashi. Wani ya ce shi ma gobe zai dafa. Tsoho Ɗanladi, da aka kawo shi a bayan babur don ƙafarsa ba ta taka ƙasa, ya kamo hannun Inuwa yana hawaye, ya ce, "Ƙanena, kowa ya canza, kai kaɗai ka rage mana."

Inuwa ya ce, "Jama'a, ku tsaya ku ji..." Suka ɗauka kunyar yabo ce, suka ƙara ihu, aka shiga rera maganarsa ta bayan riga. Ya juyo ya kalle ni. Ni kaɗai na san abin da kwanonin nan suke nufi, ga muryata ta tsaron raga da ake ji daga wancan bakin fili. Na sunkuyar da kai na kalli takalmina. Da Muttaka ya ce wanda bai yarda a shiga ba ya ɗaga hannu, na ga hannuwa sun tashi ko'ina, sai na ɗaga nawa. Har yau in na tuna haushin kaina nake ji, ba na Muttaka ba. Aka jira Inuwa. Ya daɗe yana kallon Ɗanladi, sannan ya ɗaga nasa a hankali, iyakar kafaɗa.

Ranin ya ƙare babu baƙo. Damina ta zo, ruwa ya rufe filin, ya janye. Hajja ba ta aiko da magana ba, don ta riga ta faɗi tata tun tuni.

Asabar ɗin farko da ƙasa ta tsane, na ɗauko injin ban-ruwan Umara da na gama gyarawa na kai masa fadama. Can na tarar da Inuwa, ya kafa igiya, ya ja layin gefe biyu da na tsakiya, fari fat, yana cikin zagaye da'irar. Babu wanda ya gaya masa akwai wasa, shi ma bai tambayi kowa ba. Umara ya tsaya da ma'aikatansa uku da fartanyoyinsu, ya rasa ta inda zai fara. Yaro ne mai kunya, a filin nan ya koyi gudu. Ya cire hula ya durƙusa ya gaishe shi, suka daɗe suna tambayar gida da lafiyar Hajja.

Can Umara ya dubi dogon layin nan da ya miƙe har bakin ruwa, ya ce, "Baba, in ba za ka ji haushi ba, a kan layinka za mu ja fangalin alkamar. Mu in muka ja karkacewa yake yi."

Inuwa ya leƙa cikin gwangwaninsa, da sauran toka kusan rabi.

"Taku nawa kuke barin faɗinsa?" in ji shi, ya sunkuya ya tuge turken igiyar.