Hular da ta rufe min ido

'Ya'yana biyu sun kwana uku suna gardama a kan wani fim. Wai jarumin da suka sani tun suna ƙanana ya tsufa, an ba wata baƙar mace rigarsa. Nura ya ce an ɓata labari, Sadiya ta ce ai riga ba ta zaɓen jiki. Daga ƙarshe suka kawo min ƙara.

Inna Yalwa ce ta faɗo min a rai, kakarmu ta Goron Dutse. Bayan magariba takan zauna bakin murhu tana juya ƙanzo, mu kuwa mu kewaye ta kamar kaji. Ba ta fara tatsuniya sai mun yi tsit, sannan ta ce ga ta nan tafe, mai bacci ya tashi.

Akwai ta wani maharbi mai jar hula da ke tsare ƙofar gari daga kura. Da ya rasu aka ɗora wa ɗansa hular, ta zarme masa har hanci. Kura ta shigo ta kwashi awaki yana lalube. Sai wata mai tallar nono daga bayan ganuwa, wadda ta shekara goma tana kallon yadda marigayin ke ɗana baka, ta ɗauki hular ta kashe kurar.

Na tuna ni ne na fi kowa jin haushi. Na ce mace, kuma ba 'yar gari ba?

Inna ta nuna ni da muciya. "Kai, Ɗanlami, kurar ta tsaya tambayar sunan ubanta ne?"

Mu gidan ɗori ne. Baba ya rasu, gobe sadakar arba'in, kuma Kawu Sani ya ce a nan za a miƙa min karan ɗori da jakarsa, tunda ni ne babba. Ni malamin makaranta ne, ko ƙashin kaza ban taɓa haɗawa ba. Wadda ta iya ita ce Balaraba, agolar gidan, da ta yi shekara ashirin tana riƙe wa Baba ƙafar masu karaya. Kawu ya ce tofi ba ya kama hannun da ba jinin gida ba.

Shekaranjiya aka kawo wata yarinya daga Ƙofar Ruwa, hannunta na reto. Na shige ɗaki na ja labule, ina jin Balaraba tana lallashinta har ƙashin ya koma. Da za su tafi na fito, sai uwar yarinyar ta durƙusa a gabana.

"Allah ya ja kwanan magajin Malam."

Na ce amin.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Ina tsoron idon Kawu a gaban dangi. Amma na fi tsoron ranar da za a kawo wani yaro da karaya alhali Balaraba ba ta gida. Sai yanzu, da furfura a gemuna, na gane wanda Inna take nufi da yaron da ke lalube.

Ɗazu na kira Sadiya na ba ta jakar Baba, na ce ta kai ɗakin gwaggonta Balaraba kafin Kawu ya iso.