Kunun Kanwa a Gadon Asibiti

Haihuwata ta fari a gidanmu na yi ta, a Roni, a shekarun da kuɗin mai ya fara shigo mana, kowace amarya sai an kai ta da filas da rediyo. Inna, mahaifiyata, ita ta riƙe jegon, kuma ba ta wasa da shi. Safe da yamma tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, gadon ƙasa da garwashi a ƙarƙashi, sannan kunun kanwa har sai na ce wayyo.

Ban yi arba'in ba ƙafafuna suka kumbura suntum. In na kwanta sai numfashi ya tsaya mini a wuya. Inna ta ce sanyi ne ya shige ni, ta ƙara wuta, ta ƙara kanwa. Da maigidana ya zo ya ga ina haki a zaune, bai tsaya neman shawarar kowa ba, ya samo akori-kura sai asibitin Kazaure.

A can na faɗa hannun wata Sista, gajeruwa, mai faɗan tsiya. Kullum sai ta naɗe mini dantse da abin awon jini ta hura har ya yi tsami, ta kama tsintsiyar hannuna tana duban agogon da ke maƙale a ƙirjinta, ta ɗora ni a ma'auni kamar buhun gyaɗa. Jini kuwa an ɗiba har na ce su bar wa jaririyata na nono. Likita ya ce zuciyata ce ta gaji, ruwa ya taru a jikina, jinina kuma ya yi ƙasa. Ba gishiri, ba kanwa.

Wallahi na tsorata. Matar da ke gadon kusa da nawa irin ciwona gare ta, mai jego ce ita ma. Wata safiya na ga an naɗe katifarta, ban iya tambaya ba.

Da kumburin ya fara saɓewa, Sista ta soma tayar da ni. Sai ta auna ni tukuna, in taka zuwa bakin ƙofa in dawo, ta sake aunawa. In bugun ya yi mata, gobe a ƙara nisa. Ta ce ranar da na kai bakin famfo na dawo zuciyata ba ta yi tsalle ba, za a sallame ni. Famfon nan na zuba wa ido kamar mai jiran ganin wata.

Ana haka Inna ta fara zuwa da filas ɗin kunu a ƙarƙashin mayafi. "Ke, shanye kafin waccan ta dawo. Kanwa 'yar kaɗan na jefa." Ni kuwa tsoro biyu ya haɗe mini, na maganar likita da na sanyin da Inna ke faɗa. Wa ya isa ya ture hannun Inna? Na sha, washegari ma na sha.

Ba a daɗe ba ma'auni ya hau. Sista ta hura abin awon, ta saki, ta sake hurawa, ta ɓata rai. Ta ce in miƙe kawai, kada in taka. Ina miƙewa ɗakin ya juya, ƙirjina ya hau dukan uku-uku, na ji salati na fita daga bakina. Ta mayar da ni gado da sauri, ta juya ga Inna.

"Inna, me kuka ba ta?"

Inna ta ci gaba da jijjiga jaririyar a baya. Na zaci Sista za ta tayar da ɗakin da masifa. Sai kawai ta kamo yatsun Inna ta ɗora a tsintsiyar hannuna. "Ku ji da kanku. Kanwar ce ke tara mata ruwa, wutar kuma tana ƙara wa zuciyar aiki. In aka ci gaba, ba za ta yaye 'yar nan ba."

Inna ta daɗe ba ta ɗauke hannu ba. Can ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, "Tawa uwar a jegon autanmu ta tafi. Haka ƙafafunta suka yi. Aka ce kanwa ce ba ta ishe ta ba."

Ta ɗago ta dubi Sista.

"Ni nake dama mata, 'yar nan. Kullum sai an ce in ƙara."