Kaset Ɗin Gwadabe

Duk masaƙar da muke aiki a Bompai babu wanda ya kai Gwadabe son a ce masa mai tsari. Shi ke kula da sito, aljihun gabansa cike da alƙaluma kala-kala. In ka tambaye shi ranar da aka haifi 'yarsa Binta sai ya ce, "Bari in duba," alhali babu inda ya rubuta. Kullum yana kan neman abin da ya isa ya yi rubutu a ciki.

Akwai abin rubutawa kuwa. Mahaifinsa mutumin Nijar ne, cin rani ya kawo shi Kano, ya auri Safiyatu 'yar Challawa, ya rasu Gwadabe na goye. Ita kaɗai ta san sunan ƙauyensu, da hanyar da ake bi daga Damagaram, da sunayen 'yan uwan mijin. Shekara da shekaru kunya ta hana ta kama sunan surukai. Sai da tsufa ya zo, ga tari, ta ga gara ta faɗa. Duk Lahadin da ya je gaishe ta sai ta ce, "Kai wannan, zauna in faɗa maka danginka." Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa.

Shi kuwa sai ya ɗaga hannu. "Inna, ku dakata, kada ku faɗa ya bi iska. Sai na zo da abin ajiyewa."

Na ce masa ya sayi littafin 'yan makaranta. Ya kalle ni kamar na zage shi, wai tarihin kakanninsa ba aikin firamare ba ne. Ya yi ta bin manaja har ya samu dayarin da kamfani ke rabawa ƙarshen shekara, mai baƙin bango. Da ya buɗe ya ga kowane shafi da ranarsa, sai ya rasa ko kakansa zai shiga Litinin ne ko Talata. Daga nan ya hango akantan kamfani yana jera katuna a akwati. Ya sa kafinta ya ƙera masa irinsa, ya ware katuna jajaye na maza, koraye na mata. Akwatin ya yi kyau, wallahi. Ko harafi babu a ciki.

Ana haka Idrisu direba ya dawo daga Legas da rakoda. Gwadabe ya rikice, ya ce ai takarda ta zama tsohon yayi. Ya sayi tasa a Sabon Gari, sannan ya shafe damina guda yana cika mu da musu a wurin mai shayi: kaset mai tsawo ya fi, ko gajere da ba ya sarƙewa? Raina ya ɓaci, na ce, "Malam Gwadabe, kunne fa Allah ya ba ka kyauta." Ya ce ni ban san tsari ba.

Daga ƙarshe dai ya kai rakodar Challawa. Ya dawo yana cewa batir ya yi sanyi, Lahadi mai zuwa zai koma da sabo. Kafin Lahadin saƙo ya iske shi a sito, Inna Safiyatu ta rasu.

Bayan sadakar bakwai ya kunna mana kaset ɗin. Muryarsa ce fes: "Gwaji, gwaji. Ana ji na?" Sai ya shiga gabatar da kansa, da muƙaminsa, da yadda zai raba tarihin kashi-kashi. Can daga baya aka ji tari, sannan muryar tsohuwa.

"Kai wannan, ajiye akwatin nan ka saurara. Ba fa yawa gare su ba."

Ƙas, ashe a nan ya kashe rakodar ran nan, don kada batir ya ƙare. Tausayinta ya kama ni, shi kuma har yau haushinsa nake ji.

Kaset ɗin na nan cikin akwatin katuna, ya rubuta masa suna da jan alƙalami, rubutu mai kyau. Ranar da Binta ta tambaye shi sunan garin kakanta, ina zaune a zauren. Ya shafa aljihu ya ce, "Bari in duba."